Ciwon shawarar da ya zama ajalin maigidana

Ni mutuniyar ƙasar Alkaleri ce a jihar Bauchi. A wani ƙauye da ke gefen dajin Yankari aka yanke mini cibiya, nan aka yi mini aure a 2003, nan nake har yau ina koyar da 'yan aji biyu a makarantar firamare. Maigidana ya rasu a daminar 2019 ya bar ni da yara biyar, Allah Ya jiƙansa Ya sa ya huta. Matan unguwarmu sun sha jin labarin a bakina guntu-guntu, a gidan suna ko a bakin rijiya. Yau na ce bari in jera shi tun daga tushe, don wanda bai san mu ba ma ya ji.

Shi manomi ne. Da damina yana gona, masara da dawa da ɗan gyaɗa, in rani ya yi kuma sai ya bi abokansa fatauci, su sari takalma da yadi su tsallaka Kamaru har Garwa. Ƙaƙƙarfan mutum ne, ko ciwon kai ba kasafai yake yi ba, yana kuma tinƙaho da hakan. Sai dai fa yana da tsoron allura. Zai riƙe bijimi a ƙaho a ɗaure, amma da ya ga an zaro sirinji sai ya tuna ana jiransa a waje. Dariya muke yi masa, shi ma ya taya mu.

A kan iyaka ana tambayar katin rigakafin shawara, wannan mai launin rawaya. Shekarar da ya fara tafiya, wani mutum a tasha ya ce masa ya kawo sunansa da kuɗi, ba sai ya wahalar da kansa ba. Washegari aka miƙo masa kati da hatimi da sa hannu, ko hannun riga bai naɗe ba. Ya dawo gida yana nuna mini yana murna, wai ya sha da allura. Kusan duk abokan tafiyarsa haka suka yi. A wurinsu takardar wuce shinge ce kawai. Ya sa ta a leda tare da katin zaɓensa, kullum tana aljihun gaba.

Yara kuwa ni ke kai su awo. Babban ɗana a 2005 na haife shi. Duk wanda ya cika wata tara sai in goya shi mu tafi ɗakin shan magani a yi masa allura biyu. Ɗaya na san ta ƙyanda ce, ɗayar ban taɓa tambaya ba. Inna, mahaifiyar maigida, ba ta son wannan zirga-zirga. Takan ce, "Ke dai kullum sai kin kai mini jikoki an huda su. Mu wa ya yi mana, ga mu kuma da ranmu?" Shi kuma ya ce, "Inna, ƙyale ta, halin 'yan boko ne." Ashe a 2004 Najeriya ta sa rigakafin shawara cikin jerin alluran jarirai. Duk wanda aka haifa kafin nan, irinmu, in ba an taɓa yin gangami a garinsu ya miƙa hannu ba, to a buɗe yake.

Gonarmu ta masara tana can bakin daji. Wanda ya yi noma a wajen nan ya san fitinar biri. Da masara ta fara goyo, jan biri da gwaggon biri za su sauko garke guda, in ba mutum a wurin su yi wa gona kaca-kaca kafin hantsi. Dole a yi gadi daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Da yara ke yi, amma a shekarar maigida ya ce biran sun raina yara, shi zai zauna da kansa. Ya kafa 'yar rumfa a gindin wata tsohuwar kaɗanya mai kogo. Manyan yaran biyu su ke kai masa abinci, su yini tare da shi har yamma.

Yakan dawo yana susar ƙafa. Wata rana ya ce mini, "Maman yara, sauron dajin nan ba ya jiran dare. Baƙi ne, ƙafafunsa da ɗigo-ɗigon fari. Da sassafe yake tasowa, da la'asar kuma ya dawo, ba ka ankara sai ka ji ƙaiƙayi a idon sawu." Na ce ya riƙa sa dogon wando, ya ce zafi. Hankalina bai tashi ba, don mu gidan sauro muke kwana, kowane ɗaki akwai, a tunanina mun gama da maganar sauro.

Bayan Babbar Sallah da 'yan makonni ya dawo da yamma sanyi na kaɗa shi. Kai na sara, baya kamar zai karye, ya sha ruwa ya amayar. Kowa ya ce maleriya ce, lokacinta ne. Aka kira yaron kemis, bai yi gwaji ba, ya ce ai a ido ma an gani. Da ya zaro allura maigida bai motsa ba, ya juya kawai ya ba shi wuri. A nan gabana ya faɗi, na san jikin ya yi nauyi. Yaron ya bar mana ƙwayoyin ciwon jiki masu ƙarfi, ya ce a ba shi safe da dare. Aka yi kwanaki ana allura, zazzaɓi bai ko gezau ba.

Sai wata safiya ya tashi garau.

Ina shara na ji muryarsa daga ɗaki, "Maman yara, akwai sauran tuwon jiya?" Na yar da tsintsiya na shiga. Jikinsa ya yi sanyi, ya zauna da kansa ya jingina da bango yana murmushi. Na ɗumama masa tuwon masara da miyar kuka, ya ci rabi, ya kora da kunun tsamiya. Ya yi wanka, ya sa aka kira wanzami ya gyara masa fuska. Da Azahar ya taka har masallaci, mutane suna yi masa barka. Inna ta sa aka soya ƙosai aka raba wa almajirai sadaka. Da yamma ya zauna a ƙofar gida da rediyonsa yana lissafin ɓarnar da birai suka yi a kwanakin da ba ya nan, yana cewa jibi zai koma. Ƙaninsa da ke Gombe ya shirya tahowa dubiya, muka buga masa waya ya yi zamansa, an samu sauƙi. Ban taɓa ganin gidanmu cikin farin ciki irin na wannan yini ba. Duk wanda na ba wa labarin nan, a kan wannan rana nake tsayawa, domin ita ce ta yaudare mu, kuma daga baya likita ya ce mini haka cutar take yi: zazzaɓi ya sauka, mutum ya ji daɗi na yini guda ko ƙasa da haka, alhali ta riga ta kama hanta.

Cikin dare zazzaɓin ya dawo, ya fi na farko. Da gari ya waye 'yata ta biyu ta kai masa ruwan alwala, ta fito da gudu, "Umma, zo ki ga idon Baba." Farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Yana dafe ciki, fitsarinsa ya yi duhu ya kuma ragu.

Inna ta duba shi ta ce, "Shawara ce. Ba a kai shawara asibiti, ba ta jituwa da allura. Allurar da aka yi ta yi masa ce ma ta taso ta." Baffa, ƙanen mahaifinsa, ya goyi bayanta. Aka aika aka tono saiwar rawaya aka jiƙa. Na ce a kai shi asibiti, Baffa ya ce, "'Yata, ki yi haƙuri, mun ga irin wannan tun ba a haife ki ba." Na yi shiru, surukai ne. Kuma gaskiya sun sha ganin mai rawayar ido ya sha jiƙo ya tashi, don abubuwa da yawa na sa ido ya yi rawaya, wasu su wuce da kansu. Ba wannan ba.

Wajen la'asar ya yi amai a kwano, baƙi ƙirin kamar an dama gawayi. Na goge masa baki, tsumman ya fito da jini daga dasashi. Baffa da kansa ya fita neman mota.

Daga asibitin farko aka tura mu Bauchi. Ƙaninsa ya tarar da mu a can. Likitan, wani matashi mai natsuwa, ya yi ta tambaya: ina yake aiki, yana shiga daji, akwai birai, akwai wani mai irin ciwon a garinmu? Sannan ya ce, "An taɓa yi masa rigakafin shawara?" Ƙanin ya yi maza ya laluba aljihun rigar yayansa ya zaro ledar nan, ya miƙa katin. Likita ya juya shi gaba da baya, ya ɗaure fuska yana tunani, don in da gaske an yi allurar sai ya nemi wata cutar daban. Ni ina tsaye a bakin gado. Kunya ta kama ni, maganar kamar tonon asirin miji ce a gaban ƙaninsa, amma na ce, "Likita, ba a yi masa ba. Katin kawai aka ba shi." Bai ce komai ba. Ya ajiye katin a kan tebur, ya sa aka ɗebi jini za a aika Abuja, ya ce a rufa masa gidan sauro dare da rana, kada wani sauro ya cije shi ya kai wa na gadon kusa.

Ya kira mu gefe ya yi mana bayani ba ɓoye-ɓoye. Ya ce maleriya da wannan ba danginsu ɗaya ba. Wannan ƙwayar bairos ce, maganin maleriya ba ya taɓa ta, kuma har yanzu babu wani magani da ke kashe ta. Abin da za su iya shi ne su tallafi jiki da ƙarin ruwa da ƙarin jini, ko Allah zai sa ya ci ƙarfinta. Ya tambayi ƙwayoyin da aka ba shi, na nuna masa ragowar. Ya ce irin su asfirin da ibuprofen suna ƙara zubar jini, mai zazzaɓin da ba a san kansa ba farasitamol ya kamata ya tsaya a kai.

Sun yi iya yinsu, ina shaida. Fitsari ya tsaya gaba ɗaya, aka ce ƙoda ce. Ya fara sambatu, yana kiran yara su kori birai sun shiga ta gabas. Da asubahin wata Laraba Allah Ya karɓi abinsa, ƙaninsa na riƙe da hannunsa yana laƙƙana masa kalmar shahada.

Ban riƙe Inna a zuciya ba. Ɗanta ne, ta fi ni daɗewa da shi, kuma abin da ta sani ta yi.

Ina cikin takaba sakamakon gwaji ya dawo, aka tabbatar zazzaɓin shawara ne, irin wanda sauro ke yaɗawa. A lokacin rediyo ta cika da labarin. Hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, ta sanar da ɓullar cutar, an samu wani a Kano da ya ziyarci Yankari a watan Agusta, sannan wasu ɗalibai daga wata kwaleji a jihar Borno da suka zo yawon buɗe ido sun koma gida sun kwanta, wasunsu sun rasu. Na tausaya wa iyayensu ƙwarai. Amma kafin rediyo ta faɗa, mu a ƙauyukan gefen daji mun riga mun kai mutane makwanci, mafi yawa magidanta da samari masu zuwa gona, ana cewa shawara ce, ana cewa iska ce. Mutuwar ƙauye ba ta da amo, ba mai rubutawa, mu ma ba ma kai rahoto.

Ma'aikatan lafiya suka zo gida-gida. Wata daga cikinsu, dattijuwa, ta yi mini gaisuwa ta zauna a tabarma, ta duba katunan awon yarana ɗaya bayan ɗaya. Ta sa yatsa a layin wata tara ta ce, "'Yar'uwa, kin ga wannan? Shi ne ya tsare miki su." Manyan biyun nan a rumfa ɗaya suka yini da ubansu, sauro ɗaya ya ci su, ko ciwon kai ba su yi ba.

Ita ce ta warware mini yadda abin yake tafiya. Cutar tana yawo tsakanin birai a daji, sauron daji na ɗauka daga wannan ya kai wa wancan, shi kuma yana ƙyanƙyasa a ruwan da ke taruwa a kogon bishiya. In mutum ya shiga ya cije shi, bayan kwana 3 zuwa 6 zazzaɓi ya taso. Da yawa ba sa ma sanin sun kamu, wasu su yi zazzaɓin kwana 3 ko 4 su warke. Kaɗan ne ke shiga zango na biyu, na rawayar ido da zubar jini, amma cikin waɗannan kusan rabi ba sa tashi, cikin kwana 7 zuwa 10. Abin da suka fi tsoro, in ji ta, shi ne mai cutar ya dawo cikin gari, ɗan'uwan wancan sauron da ke zaune a gidaje, wanda suke kira Aedes, ya cije shi ya raba wa unguwa.

Na ce mata mu gidanmu ba kwata, ba ruwan datti. Ta yi murmushi ta ce in kai ta wurin randa. Akwai wata tsohuwar randa a bayan ɗakin girki da muke tara ruwan sama don wanki. Ta haska tocila a ciki, ta sa moɗa ta ɗebo ta zuba a farin kwano. Ruwa garai-garai, amma ga 'yan tsutsotsi suna wutsil-wutsil, su taso sama su nutse. Na sha ganinsu tun ina yarinya, mukan tace da ƙyalle mu yi amfani da ruwan. Ta ce sauro ne, nan da 'yan kwanaki za su yi fiffike. Wannan sauron ruwa mai tsabta yake so: randa, duro, gwangwani, kaskon kaji, tsohuwar taya. Kuma ba a kan ruwa yake zuba ƙwai ba, a jikin mazubin yake manna shi, dab da saman ruwa. Ƙwan yana iya yin watanni a bushe, da ruwa ya taɓa shi ya ƙyanƙyashe. Don haka zubar da ruwa kaɗai bai isa ba, sai an sa soso an dirje cikin randar, duk mako, a kuma rufe bakinta ruf.

Ba a daɗe ba aka kawo rigakafi, kyauta, aka kafa tebur a ƙofar gidan mai unguwa. Na sa hijabi na je aka yi mini na dawo ɗakina. Inna ba ta taɓa buɗe baki ta ce wani abu game da allura ba, har yau. Amma ranar, da sandarta, ta tsaya a zaure sai da ta ga kowane ɗa da suruka da jika na gidan ya fita. Wasu daga abokan fataucin marigayi suka ce su suna da kati. Ɗayansu ya zo gaisuwa da daddare, ya tsaya daga bakin ƙofa yana kame-kame, can ya ce, "Maman yara, don Allah allurar nan tana da zafi?" Na ce masa bai kai cizon cinnaka ba, kuma sau ɗaya ake yi har abada. Washegari ya je. Biyu daga cikinsu har aka naɗe tebur ba su leƙo ba, kuma suna nan suna tsallaka iyaka da katinsu.

Babban ɗana yanzu yana karatun aikin lafiya, rasuwar ubansa ce ta karkatar da shi can. Shi ya ba ni tarihin allurar. A 1927 aka ɗebi jinin wani mutum a Ghana mai suna Asibi, wanda ya kamu da cutar ya warke. Daga jininsa aka samo ƙwayar, aka yi ta raunana ta a ɗakin bincike, har wani masani Max Theiler da abokan aikinsa suka fitar da rigakafi a 1937, aka ba shi kyautar Nobel a 1951. Duk allurar shawara da ake yi a duniya yau daga wannan tushe take. Tana fara aiki bayan kwana 10, kuma tun 2016 katin gaske ba ya ƙarewa, ba a sabunta shi. Da ya gama na daɗe ban yi magana ba. Allurar ta fi shekara 80 a duniya lokacin da ubansa ya kwanta, kuma kuɗin da ya ba mutumin tasha ba ƙaramin kuɗi ba ne a wurinmu.

Cutar ba ta tafi ba. A 2017 ta sake ɓulla a jihar Kwara bayan an daɗe ba a ji ɗuriyarta ba, ta zo mana a 2019, a ƙarshen 2020 kuma aka ji ta a Ganjuwa, nan cikin jiharmu, da Delta da Inugu. Kuma sauron nan mai ɗigon fari ba shawara kaɗai yake ɗauka ba. Shi ne mai zazzaɓin denge da aka tabbatar a Sakkwato a 2023, shi ne mai cikungunya da ta kwantar da dubban mutane da ciwon gaɓoɓi a Abeshe ta ƙasar Chadi a 2020. Waɗannan ba mu da allurarsu a ɗakin shan maganinmu. Shi ya sa a gidana yanzu ba a yi wa kowa allurar maleriya sai an ɗiga jininsa a abin gwaji. In gwaji ya ce babu, ba na jayayya da shi, sai in tambayi me kuma zai iya zama, ina duba ido da fitsari safe da yamma, ko da yaron ya tashi yana wasa.

Gonar bakin daji ƙanin marigayi ke noma ta, yana kawo mana rabonmu. Da albashina da 'yar sana'ar ƙuli-ƙuli muke rufa wa kanmu asiri, Alhamdu lillahi. A makaranta kuma, duk Alhamis da damina kafin a tashi, ni da 'yan ajina mukan zagaya harabar mu kife gwangwanaye da fasassun robobi. Yaran sun ƙware, har gidajensu suke kai abin, wata uwa ta zo ta yi mini ƙorafi wai ɗanta ya zubar mata da ruwan da ta tara na wanki.

Wanda ya gagare ni shi ne mai facin da ke jikin katangar makaranta. Ya tara tsofaffin tayoyi sun kai tsayin mutum, kowace da ruwa a cikinta. Na yi masa magana da girmamawa, ya ce jarinsa ne, masu yin takalma da guga suna saye. Na ce to ya rufe su da leda ko ya shigar da su rumfa. Ya rufe rabi, iska ta yaye ledar, bai mayar ba. Na kai maganar wurin mai unguwa, ya ce zai kira shi bayan an gama girbi.